Girka Arch Linux da hannu a kan faifai mai kulle: LUKS a waje, LVM a ciki

Kalmar sirrin da kake bugawa kafin ka shiga kwamfuta ba ta kare fayilolinka idan an sace na'urar. Ɓarawo zai kunce faifan ya jona a wata kwamfutar, ko ya tada taka da filash, ya karance komai ba tare da an tambaye shi ko harafi ɗaya ba. Maganin wannan shi ne a rikita duk abin da ke kan faifan ta yadda ba ya karantuwa sai da mabuɗi. A Linux aikin LUKS ke nan, tsarin da Clemens Fruhwirth ya fito da shi a 2004. Shi kuwa LVM aikinsa raba fili kashi-kashi ta yadda za ka iya faɗaɗa wannan kaso ka rage wancan daga baya, ba sai ka sake girki ba.

Ka ɗauki abin kamar gida: LUKS katanga ce mai ƙofa ɗaya, LVM kuma ɗakunan cikin gidan ne da aka raba da zana, ana iya matsar da ita duk lokacin da iyali suka ƙaru. Shi ya sa ake sa LVM a cikin LUKS. Kalmar sirri ɗaya za ta buɗe komai, har da wurin musayar ƙwaƙwalwa (`swap`), kuma na waje ba zai ga ko sunayen kason da girmansu ba. Idan aka juya tsarin, aka sa LVM a ƙasa, kowane kaso sai ya nemi nasa kullen.

Misalin da za mu bi: kwamfutar tafi-da-gidanka mai UEFI, RAM gigabayit 8, faifan NVMe mai gigabayit 512 wanda Linux ke kira `/dev/nvme0n1`. Idan naka na SATA ne sunansa `/dev/sda`, ɓangarorinsa kuma `sda1` da `sda2`, babu harafin p irin na `nvme0n1p1`. Duk abin da ke kan faifan zai tafi, don haka ka kwashe kayanka tukuna.

Kafin a taɓa faifai

Sauke ISO, wato fayil ɗin girki, daga shafin Arch, wanda girmansa ya haura gigabayit 1. Ka lissafa `sha256sum` ɗinsa ka gwada da lambar da ke shafin, domin saukewar da ta katse a hanya takan ba da fayil mai kama da cikakke alhali gurgu ne. Sannan ka rubuta shi a filash, ka sa sunan filash ɗinka a wurin `sdX`:

```
dd if=archlinux-x86_64.iso of=/dev/sdX bs=4M status=progress oflag=sync
```

Shiga saitin BIOS ka kashe Secure Boot, saboda ISO ɗin Arch ba ya tashi da shi. Ka kuma duba yanayin faifai a can. Kwamfutoci da yawa, musamman na Dell, suna zuwa a kan RAID ko Intel RST, wanda kan sa Linux ya kasa ganin faifan NVMe kwata-kwata. Mayar da shi AHCI.

Bayan ka tashi da filash ɗin, fara da waɗannan:

```
cat /sys/firmware/efi/fw_platform_size
iwctl station wlan0 connect SUNAN_WIFI
timedatectl
lsblk
```

Na farko ya kamata ya nuna 64. Idan ya ce babu fayil ɗin, to a tsohon yanayin BIOS ka tashi, ka koma ka zaɓi filash ɗin mai alamar UEFI. Idan babu Wi-Fi, jona wayar Android da kebul ka kunna raba intanet ta USB, zai kama da kansa. Kada ka raina `timedatectl`: kwamfutocin gwanjo da batirin agogonsu ya mutu sukan farka a shekarar da ta wuce tuntuni, kuma da agogo mara daidai pacman, mai girka manhajoji a Arch, zai ƙi yarda da sa hannun manhajoji, ya yi ta kawo kurakuran da ba su ambaci agogo ko sau ɗaya ba. Da intanet ya kama, agogon kan gyara kansa cikin ɗan lokaci.

Akwai maganar allon rubutu da dole a gama da ita yanzu. Mai kwamfutar AZERTY, irin wadda ta fi yawa a Nijar, ya buga `loadkeys fr` kafin ya zaɓi kalmar sirri. In ba haka ba yana danna a ana rubuta q, yana danna z ana rubuta w, kuma ba zai gani ba tun da kalmar ba ta fitowa a fuskar kwamfuta.

Share faifai da raba shi

Idan faifan ya taɓa ɗaukar bayanan da kake kishi, kulle sabon girki ba ya goge tsofaffin, suna nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansu. Ana cika faifan da shirme ta wannan hanyar:

```
cryptsetup open --type plain -d /dev/urandom /dev/nvme0n1 shara
dd if=/dev/zero of=/dev/mapper/shara bs=1M status=progress
cryptsetup close shara
```

Sifili kake rubutawa, amma yana bi ta wani mabuɗi na wucin gadi, sai ya sauka a faifan a rikice. A ƙarshe `dd` zai yi ƙorafin fili ya ƙare, alamar ya kai ƙarshe ke nan. A faifai mai juyawa aikin yakan ci sa'o'i, ka tabbatar da caji. Sabon faifai ba ya bukatar wannan.

Ɓangare biyu kawai ake bukata:

```
sgdisk -Z /dev/nvme0n1
sgdisk -n 1:0:+1G -t 1:ef00 -n 2:0:0 -t 2:8309 /dev/nvme0n1
```

Na farko shi ne na EFI, inda kanel, wato zuciyar Linux, da manhajar tada kwamfuta za su zauna. Dole ya kasance a buɗe kuma a tsarin FAT32, don UEFI bai san LUKS ba. Ba shi gigabayit 1 cif. Masu ba shi megabayit 100 ko 260 sukan gamu da matsala ranar da suka ƙara kanel na biyu, fili ya cika a tsakiyar sabuntawa, a bar su da fayil rabi. Wasu na son kulle har da `/boot`, inda kanel ke zama, ta hanyar manhajar tada kwamfuta ta GRUB, sai dai GRUB 2.12 ba ya iya buɗe LUKS2 mai amfani da Argon2id wajen sarrafa kalmar sirri, dole sai an sauka zuwa PBKDF2 wanda ya fi rauni a gaban masu gwada kalmomi da katin zane. A ganinmu ribar ba ta kai wahalar ba ga wanda sata ce abin tsoronsa.

Kullen kansa

```
cryptsetup luksFormat /dev/nvme0n1p2
cryptsetup open /dev/nvme0n1p2 cryptlvm
```

Zai ce ka rubuta YES da manyan haruffa. Ba sai ka ƙara masa wani zaɓi ba: da kansa zai yi LUKS2, da aes-xts-plain64, da mabuɗi mai bit 512, wato AES-256 a tsarin XTS.

Yana da kyau ka san abin da ya faru a nan, don shi ne zai fahimtar da kai haɗarin da ke gaba. Ba kalmar sirrinka ce ke rikita bayanan ba. Cryptsetup ya ƙirƙiri wani babban mabuɗi na kansa, sannan ya kulle wannan mabuɗin da kalmarka ya ajiye shi a kan ɓangaren, cikin megabayit 16 na farko. Wannan wurin shi ake kira kan LUKS, kuma yana da gurabe har 32, kowanne na iya ɗaukar kalma dabam mai buɗe mabuɗi ɗaya. Shi ya sa canza kalmar sirri ke ɗaukar daƙiƙu kawai. Shi ya sa kuma idan waɗannan megabayit 16 suka lalace, duk sauran faifan ya zama shirme har abada, ko da kana riƙe da kalmarka daidai.

Argon2id kuwa da gangan yake ɓata lokaci. Ana auna shi ya ci kusan daƙiƙa 2 da ƙwaƙwalwa har gigabayit 1 a kowane gwaji, don mai son ya gwada miliyoyin kalmomi ya gaji. Amma ba zai ceci kalma mai rauni ba. Zaɓi kalmomi shida ko bakwai da ba su da dangantaka da juna. Kalmomin Hausa sun yi, amma kada ka ɗauko karin magana ko baitin da kowa ya sani, kuma ka guji ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, domin a lokacin da ake tambayar kalmar babu allon rubutun Hausa tukuna. Rubuta su b, d, k, y.

LVM

Hawa uku ne. PV shi ne ɗanyen filin da ka miƙa wa LVM, VG taskar da ke tara filin, LV kuma kason da ake yanka daga taskar.

```
pvcreate /dev/mapper/cryptlvm
vgcreate vg0 /dev/mapper/cryptlvm
lvcreate -L 8G -n swap vg0
lvcreate -L 60G -n root vg0
lvcreate -L 300G -n home vg0
```

Lura cewa `/dev/mapper/cryptlvm` aka ba `pvcreate`. Idan hannunka ya zame ka ba shi `/dev/nvme0n1p2`, kan LUKS ɗin za ka nemi rubutawa a kai.

Faifan da aka sayar a matsayin gigabayit 512 yakan nuna kusan 476 a lissafin Linux, don haka an bar sama da 100 ba a raba ba. Da gangan ne, kuma nan ne mutane da yawa ke zubar da amfanin LVM: sai su ba `home` duk abin da ya rage da `-l 100%FREE`. Ƙara wa tsarin fayil na ext4 fili ana yin sa kwamfuta na aiki, cikin daƙiƙu. Rage shi kuwa sai an sauke kason, an matsar da bayanai, kuma idan wuta ta ɗauke a tsakiya ana iya asarar komai. XFS ma ba a lissafa shi cikin masu raguwa. Fara da kaɗan, ka riƙa ƙarawa.

```
mkfs.fat -F32 /dev/nvme0n1p1
mkfs.ext4 /dev/vg0/root
mkfs.ext4 /dev/vg0/home
mkswap /dev/vg0/swap
mount /dev/vg0/root /mnt
mount --mkdir /dev/vg0/home /mnt/home
mount --mkdir -o fmask=0077,dmask=0077 /dev/nvme0n1p1 /mnt/boot
swapon /dev/vg0/swap
```

A fara ɗora `root` kafin sauran. Waɗancan `fmask` da `dmask` suna hana kowa sai shugaban tsarin karanta `/boot`, in babu su `bootctl` zai yi gargaɗi daga baya.

Zuba tsarin

```
pacstrap -K /mnt base linux linux-lts linux-firmware intel-ucode lvm2 cryptsetup e2fsprogs dosfstools networkmanager sudo nano
genfstab -U /mnt >> /mnt/etc/fstab
arch-chroot /mnt
```

Mai AMD ya sa `amd-ucode`. Kada a manta `lvm2`: kasancewarsa a filash ba ya nufin yana cikin sabon tsarin. Haka `networkmanager`, wanda in ka manta shi za ka tashi lafiya amma ba intanet ɗin da za ka sauke shi da shi. Idan `pacstrap` ya yi kukan sa hannu alhali agogo daidai yake, ISO ɗin ne ya tsufa, buga `pacman -Sy archlinux-keyring` ka sake.

Ƙananan saituna:

```
ln -sf /usr/share/zoneinfo/Africa/Lagos /etc/localtime
hwclock --systohc
echo "en_US.UTF-8 UTF-8" >> /etc/locale.gen
locale-gen
echo "LANG=en_US.UTF-8" > /etc/locale.conf
echo "KEYMAP=us" > /etc/vconsole.conf
echo kwamfuta > /etc/hostname
passwd
useradd -m -G wheel sunanka
passwd sunanka
EDITOR=nano visudo
systemctl enable NetworkManager
```

Na Nijar su sa `Africa/Niamey`, masu AZERTY kuma `KEYMAP=fr`. Akwai `ha_NG` a cikin `locale.gen` ga mai so. A `visudo` cire alamar # daga layin `%wheel ALL=(ALL:ALL) ALL`.

Inda girki ya fi lalacewa

Idan kwamfuta ta tashi, kanel yana bukatar kayan buɗe LUKS da na karanta LVM, alhali kayan suna cikin faifan da ke kulle. Ana warware wannan da wani ɗan ƙaramin tsari mai suna initramfs da ke zaune a `/boot`, kuma kai ne za ka faɗi abin da za a zuba a cikinsa. Buɗe `/etc/mkinitcpio.conf` ka mai da layin HOOKS haka:

```
HOOKS=(base systemd autodetect microcode modconf kms keyboard sd-vconsole block sd-encrypt lvm2 filesystems fsck)
```

Jerin yana bin hawan da ka gina: `block` ya gano faifai, `sd-encrypt` ya buɗe kulle, `lvm2` ya fito da kason, `filesystems` ya ɗora su. `keyboard` da `sd-vconsole` ne ke ba ka damar buga kalmar da tsarin haruffan da ka zaɓa. Idan kwamfutar tebur ce, ko kana yawan canza allon rubutu na USB, dawo da `keyboard` gaban `autodetect` don a zuba direbobin kowane iri. Sai ka buga `mkinitcpio -P`, ka karanta abin da ya fito. Gargaɗin rashin wasu fayilolin firmware na na'urorin da ba ka da su ba komai ba ne. Layin da ya fara da ERROR kuwa kada ka wuce shi.

Yanzu manhajar tada kwamfuta:

```
bootctl install
blkid -s UUID -o value /dev/nvme0n1p2
```

A `/boot/loader/loader.conf`:

```
default arch.conf
timeout 3
editor no
```

A `/boot/loader/entries/arch.conf`:

```
title Arch Linux
linux /vmlinuz-linux
initrd /initramfs-linux.img
options rd.luks.name=LAMBAR_UUID=cryptlvm root=/dev/vg0/root rw
```

Kwafi fayil ɗin zuwa `arch-lts.conf`, ka canza sunayen zuwa `vmlinuz-linux-lts` da `initramfs-linux-lts.img`. Ranar da sabon kanel ya ƙi jituwa da na'urarka, wannan na biyun za ka shiga da shi.

Kuskure biyu ne suka fi kama mutane a layin `options`. Na farko, UUID, lambar shaidar da za ka sa a wurin `LAMBAR_UUID`. Yanzu kana da guda da yawa: na ɓangaren LUKS, na PV, na `root`, na `home`. Wanda ake so shi ne na `/dev/nvme0n1p2`, wanda `blkid` ke nuna nau'insa `crypto_LUKS`. Wanda ke cikin `fstab` na `root` ne, ba shi ba ne. Kada ka kwafa da ido, tura shi cikin fayil ɗin da `>>` sannan ka gyara layin. Na biyu, gauraya hanyoyi. Akwai tsohuwar hanya mai `udev` da `encrypt` a HOOKS, wadda ke karɓar `cryptdevice=UUID=...:cryptlvm`. Ita `sd-encrypt` ba ta jin wannan yaren, `rd.luks.name` take ji. Wanda ya ɗauko HOOKS daga wani bayani, ya ɗauko `options` daga wani, ba za a ma tambaye shi kalmar sirri ba. Zai ga kwamfuta tana jiran `/dev/vg0/root` har daƙiƙa 90, sannan ta tsaya tana cewa asusun root, wato na shugaban tsarin, a kulle yake.

Fita da `exit`, buga `umount -R /mnt`, `swapoff -a`, `reboot`, ka zare filash. Idan jerin na'urorin tadawa na BIOS bai nuna Linux Boot Manager ba, zaɓi faifan kai tsaye, domin `bootctl` ya ajiye kwafi a `EFI/BOOT/BOOTX64.EFI`. Bayan ka shiga sai ka sake `bootctl install`.

Idan kuwa ta ƙi tashi, babu dalilin sake girki. Koma filash ka buɗe hawan ɗaya bayan ɗaya:

```
cryptsetup open /dev/nvme0n1p2 cryptlvm
vgchange -ay
mount /dev/vg0/root /mnt
mount /dev/nvme0n1p1 /mnt/boot
arch-chroot /mnt
```

Alamar ciwon takan nuna wurinsa. Ba a tambayi kalma ba: `sd-encrypt` ko UUID. An tambaya amma madannai ba sa aiki: `keyboard`. Ana ƙin kalmar da ta buɗe daga filash: `KEYMAP`. An karɓi kalmar amma aka maƙale: `lvm2` ko sunan VG. Duk gyaran da ya shafi HOOKS ko `vconsole.conf` sai an bi shi da `mkinitcpio -P`, in ba haka ba tsohon initramfs ne zai ci gaba da aiki.

Ranar farko bayan girki

Kafin ka girka komai na ado, ɗauki kwafin kan LUKS, ka kuma ƙara kalma ta biyu:

```
sudo cryptsetup luksHeaderBackup /dev/nvme0n1p2 --header-backup-file kan-luks.img
sudo cryptsetup luksAddKey /dev/nvme0n1p2
```

Fayil ɗin ya koma filash ko biyu da ke ajiye a wani wuri, ka goge shi daga kwamfutar. Kalma ta biyu ka rubuta ta a takarda ka adana inda kake adana takardun fili. Ka sani cewa tsohon kwafin kai yana buɗuwa da tsohuwar kalma: idan ka canza kalma don ta fita, dole ka lalata tsofaffin kwafin ka ɗauki sabo. Kuma kwafin kai ba ya maye gurbin kwafin fayilolinka. Faifai mai kulle in ya mutu, masu gyara ba su da abin da za su tsamo.

A SSD, LUKS ba ya barin umarnin TRIM, mai sanar da faifan wuraren da aka goge, ya wuce sai an ba shi izini:

```
sudo cryptsetup --allow-discards --persistent refresh cryptlvm
sudo systemctl enable --now fstrim.timer
```

Farashinsa shi ne mai binciken faifan zai iya gane wuraren da babu komai, ya ƙiyasta yawan abin da ke ciki, wataƙila har da nau'in tsarin fayil. Abin da ke cikin fayilolin ba zai gani ba. Ga yawancin mutane cinikin ya yi.

Idan `root` ya fara cika:

```
sudo lvextend -r -L +20G vg0/root
```

Harafin `-r` ne ke faɗaɗa ext4 tare da kason. In ka manta shi, `lvs` zai nuna ƙarin amma `df` ba zai nuna ba, sai ka bi da `resize2fs`. Ragewa da `lvreduce` ba tare da `-r` ba na iya yanke bayanai, don haka a yi shi daga filash, da cikakken batiri ko UPS, bayan an kwafe komai.

Filin da ka bari yana kuma ba ka damar ɗaukar hoton `root` kafin babbar sabuntawa:

```
sudo lvcreate -s -L 10G -n root-kafin vg0/root
```

Hoton yana adana tsohon kwafin duk abin da ya canza ne kawai, don haka 10G ya ishi sabuntawa ɗaya. Idan komai ya tafi daidai, cire shi da `lvremove vg0/root-kafin`, domin yana rage saurin rubutu, kuma in ya cika ya lalace. Idan abu ya ɓaci, `lvconvert --merge vg0/root-kafin` sannan ka sake tada kwamfuta. Tarkon da ke nan shi ne `/boot` ba ya cikin LVM. Idan sabuntawar ta taɓa kanel, za ka koma tsohon `root` da sabon kanel wanda direbobinsa ba sa nan. Saboda haka ka yi `cp -a /boot /root/boot-kafin` kafin ɗaukar hoton, don ka mayar da shi tare.

Kullen yana aiki ne idan kwamfuta a kashe take. Idan murfi kawai ka rufe ta yi barci, babban mabuɗin na nan cikin RAM, abin da ya rage tsakanin ɓarawo da fayilolinka shi ne allon kulle. Mai tafiya a mota ko mai barin jaka a ofis ya kashe ta gaba ɗaya, ko ya yi amfani da `systemctl hibernate`, wanda ke juye RAM cikin `swap` da ke bayan kullen sannan ya kashe wuta. Don wannan ƙara `resume=/dev/vg0/swap` a layin `options` na fayilolin biyu, ka bar `swap` ya kai girman RAM, kuma ka gwada shi sau ɗaya ba tare da wani aiki mai muhimmanci a buɗe ba.